Ludayin Ruwan da Ya Rage a Tasa

A gabas mai nisa, cikin ƙasar da mutanen yanzu ke kira Biyetnam, an taɓa yin wata masarauta mai suna Lam Khe. Ƙasar ruwa ce. Kogi ɗaya ya ratsa ta daga duwatsu har teku, shi ke shayar da shinkafarsu, ta kansa kuma abokan gaba ke sauko musu. Mutanen ba su san Littafi ba, kakanninsu suke yi wa yanka. Amma sun san alkawari, sun kuma riƙe shi fiye da yadda da yawa daga cikinmu suka riƙe nasu.

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarki Kieu An, sarkin mutanen duwatsu mai suna Ma Cuong ya aiko da kwandon ƙonanniyar shinkafa, an caka kibiya a tsakiya. Ba wanda ya nemi tafinta. Sarki ya sa a kira sarakunan yaƙinsa bakwai.

A harshensu, idan sarki zai yi magana da shugabannin mayaƙa gaba ɗaya, cewa yake "Chu Tuong", wato ya ku sarakunan yaƙi duka. A wasu ƙasashen kira ne kawai. A Lam Khe kuwa sun ɗora masa nauyi. Sau ɗaya Sarki ke furta shi a kowane yaƙi, a cikin Zauren Tambari, ƙofa a rufe, ba ya kuma ambaton sunan kowa, don kada a ce wani ya fi wani. Bayan ya furta sai a kawo tasar tagulla mai ludayi bakwai na ruwan kogi, kowa ya sha ɗaya. Daga wannan lokaci waɗanda suka sha sun zama jiki guda. Idan aka ritsa ɗaya, dole sauran su tafi gare shi, ko da za a bar birni ba mai gadi. Wanda kira ya same shi a waje kuwa, zai yi yaƙi dai, amma ba shi da haƙƙi a wuyan kowa.

Aikin Waziri ne ya tsaya a kan matakalar zauren da mafici a ɗage. Daga nan ana hangen hanya, ana hangen kogi har kwana ta biyu, inda ya ƙara lanƙwasa. Muddin ana ganin tutar wani sarkin yaƙi tana tahowa, a tudu ko a ruwa, ba a sauke mafici. Idan ya sauka sai a buga tambari, Sarkin Ƙofa ya sa sakata. Wazirin da ya ci amanar mafici, hukuncinsa yanke hannun dama da kora daga ƙasa. Shekara ɗari biyu ba a zartar da shi a kan kowa ba.

Wazirin wannan zamani sunansa Dang Thu. Mutum ne mai ilimi, mai daɗin baki, ba ya manta kalmar da ta ɓata masa rai. Shi da Sarkin Ruwa Pham Lo a gaɓa ɗaya suka tashi. Pham Lo ɗan masunci ne, ya girme shi da shekara huɗu, shi ya koya masa iyo, daga baya kuma ya aura masa ƙanwarsa Sen. Har suka yi furfura Pham Lo bai daina ce masa ƙanena ba, ko a gaban fadawa.

Abin da ya shiga tsakaninsu bara ya faru. Madatsar ruwa ta ɓalle ta cinye gonakin ƙauye tara. Da Sarki ya tambayi dalili, kowa ya sunkuyar da kai, sai Pham Lo ya ce mutanen da aka ware don gyaran madatsar an kwashe su suna gina kabarin mahaifin Waziri. Gaskiya ya faɗa. Sarki bai hukunta kowa ba, amma Sarkin Giwa Ngo Bat, wani ƙato mai yawan ba'a, ya ce lalle marigayin ya ji daɗi, shi kaɗai ne a Lam Khe ruwa bai taɓa shimfiɗarsa ba. Zaure ya ɗauki dariya. Pham Lo ya manta da zancen kafin ya isa jirginsa. Dang Thu bai manta ba.

Ranar kira, tutoci shida suka kafu a ƙofar zaure tun hantsi. Pham Lo ne ya makara, don ya tsaya ɗaura sarƙar ƙarfe a mashigin Ben Da, ganuwar da ke tsare kogi tafiyar kwana uku daga birni. Rana ta kusa tsakiya sai Waziri ya hango koriyar tuta mai hoton kifi ta ɓullo a kwana ta biyu. Ya gan ta sarai. Matuƙa na ta zuba filafili, jirgin na gudu.

Nan take zuciyarsa ta kawo masa hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Ben Da za a fara ritsawa, kowa ya sani. Idan Pham Lo ya sha ruwan nan, dole rundunar duka ta bar birni ta tafi gare shi, Ma Cuong kuwa yana iya zagayowa ta tudu ya sami fada a buɗe. Ashe barin mutum ɗaya a waje ceton ƙasa ne. Haka ya gaya wa kansa. Amma abin da ke kunnensa lokacin da hannunsa ya sauko ba kukan birni ba ne, dariyar bara ce. Mugunta ba ta cika zuwa tsirara ba, sai ta ari rigar hankali.

Tambari ya yi ƙara. Sakata ta shiga.

A ciki Sarki ya miƙe ya ce, "Chu Tuong. Kogi ɗaya ya haife ku, kogi ɗaya za ku tsare. Ban san babba a cikinku ba, ban san ƙarami ba." Aka zagaya da tasa. Da ta dawo gaban Sarki sai aka ga ludayi guda ya rage a gindinta.

Da aka buɗe ƙofa, Pham Lo na zaune a kan matakala, ƙafafunsa duk laka, tutarsa a kan cinyarsa. Ya tashi ya yi gaisuwa, ya ce tsufa ne ya fara kama shi, a yi masa afuwa. Ngo Bat ya ce yau dai an ga kifin da ruwa ya bari a baya. Pham Lo ya taya shi dariya. Da ya zo wucewa ta gaban Waziri sai ya tsaya. Ya dubi maficin, ya dubi mai maficin, ya tambayi lafiyar Sen da yara, ya koma jirginsa.

Aka tambayi tsohon mai duba na fada yadda za a yi da ruwan da ya rage. Ya ce ba a zubar da shi, ba kuma mai shan rabon wani. A bar tasar a gindin tambari. Da Sarki ya matsa masa ya faɗi abin da yake gani, sai tsohon ya ce shi bai ga komai ba face abin da kowa ke gani, ruwan da aka bari a buɗe ƙafewa yake yi.

Kwana tara bayan haka manzo ya iso a guje. Ma Cuong ya sauko da jirage ɗari uku, sarƙa ta tare shi, ya sauke mayaƙansa ya kewaye Ben Da ta ruwa da ta tudu. Pham Lo da mutum ɗari takwas ne a ciki.

Majalisa ta zauna. Ta Mien ce ta fara magana, shugabar 'yan baka, mace ɗaya tak a cikin bakwai ɗin, gajera mai tabon wuta a wuya. Ta ce ita ba ta buƙatar tasa ta gaya mata cewa mutanen Ben Da 'yan'uwanta ne, a ba ta izini ta tafi yau. Aka tuna mata al'ada: shidan da suka sha jiki guda ne, ko su tafi tare ko su zauna tare, kuma tun da ba rantsuwa ce ta kira su ba, sai kowa ya yarda. Huɗu suka karkata wajenta. Ngo Bat ya ƙi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙin Sarkin Ruwa nake ba. Amma ƙofar nan kakanninmu suka sa mata sakata. Idan wanda ya makara da wanda ya zo da wuri haƙƙinsu ɗaya, to gobe wa zai yi sauri? Giwayena tamanin, ba zan jefa su cikin fadama saboda mutumin da bai iya lissafin rana ba."

Ta Mien ta ce ta lura giwayen Sarkin Giwa sun fi ƙarfi a filin wasa. Har sai da dogarai suka shiga tsakani.

Sarki ya juya ga Waziri. A nan ne Dang Thu ya sami ƙofarsa ta farko ta tuba, a buɗe take kuwa, faɗi guda ya isa. Maimakon haka sai ya gyara hannun riga ya yi jawabi. Ya kawo tarihin sarakuna uku da suka bar biranensu suka dawo suka tarar da toka. Ya ce ganuwar Ben Da mai ƙarfi ce, Pham Lo gwani ne, damina na tafe za ta kori maƙiya da kanta. Ya ce shi da Sarkin Ruwa kowa ya san yadda suke, ba wanda zai fi shi jin zafi, amma Waziri ba ya kallon ƙasa da idon suruki. Jawabin ya yi kyau ƙwarai. Har wani dattijo ya share hawaye. Sarki ya yanke a zauna.

Da aka watse, Waziri ya ratsa ta gindin tambari. Ruwan ya ragu da kusan sulusi, ya bar zobe kore a jikin tagulla.

Tun daga ranar bai ƙara wucewa ta nan ba tare da ya leƙa ba. Ya sa aka rufe tagar da rana ke shigowa ta kanta, wai don kada fatar tambari ta bushe. Ya sa aka yayyafa ruwa a daɓen zaure safe da yamma, wai don ƙura. Fadawa suka yaba da kulawarsa. Tasa dai ta ci gaba da ragewa.

Rana ta goma sha uku bayan kira Sen ta tare shi a shirayin da ke tsakanin gidansa da fada, da rana tsaka, ta sallami kuyanginta. Tun ranar kira ba ta ci abinci tare da shi ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya fara gaya mata cewa ganuwar na da ƙarfi. Ta ɗaga masa hannu.

Ta ce, "Ranar nan ina kan benen mata, Waziri. Daga can ma ana ganin kogi. Na ga tutar yayana, na ga hannunka."

Ya tambaye ta ko ta gaya wa wani. Wannan ita ce tambayar da ta fara zuwa bakinsa, kuma ta ishe ta sanin wanda take aure.

Ta ce, "Ban gaya wa kowa ba. Idan na faɗa, 'ya'yana sun zama 'ya'yan korarre mai dungu. Idan na yi shiru, yayana ya mutu. Kwana goma sha uku ina zaɓar 'ya'yana kowace safiya. Kai ka sauke mafici sau ɗaya, ni kullum sai na sauke."

Ta juya ta shige. Wannan ce ƙofarsa ta biyu. Ya tsaya a bakinta har kwana uku, yana shiga majalisa yana fita, yana sa hannu a takardun abincin dawaki.

Rana ta goma sha shida manzo na biyu ya zo. Tsohon matuƙi ne mai suna Hoi, ya kwana biyu a cikin ruwa yana bin gindin ciyawa kafin ya kuɓuce wa masu kewaye. Ƙafafunsa sun kumbura har ba ya iya durƙuso. Sarki ya ce ya yi magana a tsaye. Maimakon magana sai ya tuɓe rigarsa, ya warware wani ƙyalle da ya naɗe a ƙirjinsa. Koriyar tuta ce mai hoton kifi, an ƙona gefenta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga saƙon Sarkin Ruwa kamar yadda ya sa na hardace. Ya ce ba taimako ya aiko nema ba, ya san bai sha ruwa ba, makararsa kuma laifinsa ce, kada a tuhumi kowa. Ya ce kibau sun ƙare, shinkafa ta ƙare, muna dafa fatar garkuwa. Rabinmu sun mutu. Sarƙa tana nan, za ta kuma kasance har mutum na ƙarshe. Ya aiko da tutar ne don kada Ma Cuong ya rataye ta a jirginsa." Tsohon ya ja numfashi, ya nemi Waziri da ido. "Ya kuma ce in gaya wa ƙanensa kada ya sa damuwa a ransa. Ya riƙe Sen da kyau."

Ngo Bat ma kansa na ƙasa.

Da Pham Lo ya aiko da zagi, da Dang Thu ya iya ɗauka, don ya riga ya tanadi amsa. Wannan ne bai tanadar wa komai ba. Ya dubi gindin tambari. Abin da ya rage a tasar bai fi cikin cokali uku ba. Ya fito tsakiyar zaure, ya ajiye maficinsa a ƙasa, ya kwanta rubda ciki yadda talaka mai laifi ke yi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa bai makara ba. Tutarsa na kan kogi, a kwana ta biyu, na gan ta da idona na sauke mafici. Na gaya wa kaina don birni na yi. Ƙarya ne. Don maganar madatsa na yi. Jawabin da na yi muku ran nan, na yi shi ne ina sane. Kiran da aka yi ɓatacce ne, ni na ɓata shi."

Ta Mien ta zare wuƙa, aka riƙe ta. Waɗansu suka ce a fitar da shi a sare hannun yanzu. Sarki Kieu An ya ɗaga hannu ya tsayar da su. Shi ma yana da nasa laifin, don ya ji daɗin jawabin nan a ranar, ya sauƙaƙa masa abin da yake tsoro.

Daga bisani ya ce hannu ba zai gudu ba, a bar shi sai an dawo, akwai aikin da zai yi tukuna. Ya umarci Sarkin Ƙofa ya buɗe ƙofar zaure gaba ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba lokacin kira. Ya sa aka ɗaura koriyar tutar a mashi aka kafa ta a wurin da Pham Lo ke tsayawa. Ya miƙe.

"Chu Tuong," in ji Sarki. "Yau ku bakwai ne."

Ngo Bat ya buɗe baki zai kawo maganar kakanni, ya dubi ƙafafun tsoho Hoi, ya rufe. Ya fita yana yi wa masu giwaye tsawa su ɗaura sirdi.

Rundunar ta tashi kafin azahar, Sarki da kansa a tsakiya. A gaban kowa, a ƙasa ba takalmi, Dang Thu ke tafiya da tasar tagulla a hannu biyu. Umarnin Sarki ne ya kai wa Pham Lo rabonsa. Ya rufe bakin tasar da ganyen bado ya ɗaure da zare, yana canza ganyen duk inda aka ratsa tafki. Kwana uku yana bin kunyoyin shinkafa masu santsi, bai yarda ya faɗi ba, ko da ƙaya ta shige shi sai dai ya tsaya cak har zafin ya wuce. Mayaƙa na wuce shi suna tofar da yawu. Bai ɗaga kai ba.

Shi kuwa Ma Cuong yana da 'yan leƙen asiri a Lam Khe, sun kuma gaya masa tun farko cewa kira ya sami Sarkin Ruwa a waje. Ya san al'adar mutanen nan kamar yadda suka san ta. Don haka bai ajiye ko mai gadi ɗaya ta bayansa ba. Jiragensa duka ya ɗaure su gefe da gefe, hancinsu na kallon ganuwa, mayaƙansa kuma suna tudu suna sassaƙa tsani don hawan ƙarshe.

Da hantsin rana ta uku giwaye tamanin suka faso gonar rake ta bayan sansaninsa. Mutanen duwatsu suka juyo, da yawansu gatarin sassaƙa ne a hannunsu ba takobi ba. Ngo Bat, duk abin da za a ce a kansa, ba matsoraci ba ne, shi ne a giwar farko, ya bi ta kan tantuna har bakin ruwa. Ta Mien ta jera 'yan bakanta a kan wata madatsa ta bakin kogi, suka naɗe tsumma mai mai a bakin kibau suka yi wa jiragen ruwan wuta. Da yake a ɗaure suke da juna, wanda ya kama sai ya ba maƙwabcinsa. Waɗanda suka yanke igiya suka nufi ƙasan kogi, sarƙar Pham Lo ta tare su. Waɗanda suka nufi sama, ruwa ya fi ƙarfin filafilinsu. Sai ga ƙofar Ben Da ta buɗe, wasu 'yan mutane ramammu suka fito da sandunan gora da aka fiƙe, suna tafiya kamar masu ciwo, suka faɗa wa masu gudu. Kafin la'asar kogin ya cika da gawayi da gawa. Ma Cuong ya tsira da mutum arba'in ta hanyar dutse, ya bar hularsa ta yaƙi a cikin laka. Tun kafuwar Lam Khe ba a taɓa cin irin wannan nasara ba.

Dang Thu bai ga komai daga ciki ba. Idonsa na kan tasa. Ya ratsa ta cikin hayaƙi ya shiga ganuwa, ya tarar da Pham Lo zaune a gindin wani dogon tudun sabuwar ƙasa da ya cinye rabin farfajiya. Ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito, cinyarsa ɗaure da tsumma. Mutum sittin da tara ne suka rage masa.

Dang Thu ya durƙusa, ya kwance zaren, ya ɗaga ganyen. Ruwan da ya rage bai cika cokali ɗaya ba. Ya fara faɗin abin da ya aikata, sai Pham Lo ya katse shi.

Ya ce, "Na sani, ƙanena. Wanda ke kan matakala yana ganin jirgi, na cikin jirgi ma yana ganin matakala. Jan mafici ne, ana hango shi tun daga kwana ta biyu."

Dang Thu ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun a ranar.

"Da na faɗa, da kira ya ɓaci maƙiyi na kan hanya, rabi su bi ni rabi su bi ka. Na ce bari in riƙe sarƙa, ƙanena zai yi magana cikin kwana biyu ko uku, na san shi tun bai iya iyo ba." Ya dubi tudun. "Kwana goma sha shida. Ni ma na yi kuskuren lissafi, su suka biya."

Bai karɓi tasar ba. Ya ce shi ya sha ruwan sama jiya, a zuba wa waɗanda suka fi shi ƙishi. Dang Thu ya karkata tasar a kan tudun. Ɗigo huɗu ne suka sauka, ƙasa ta shanye.

Ana haka sai ga Sarki ya shigo da sarakunan yaƙi, Ngo Bat a gaba, jini har gwiwar hannu, fuskarsa cike da fara'a. Tun a bakin ruwa ya fara baza labari, kuma labarin ya riga shi shiga sansani: wai duk dabarar Waziri ce. Shi ya bar Sarkin Ruwa a waje da gangan don Ma Cuong ya saki jiki, shi kuma Sarkin Giwa ya gane tun farko, shi ya sa ya ƙi a tafi da wuri. Labarin ya wanke Ngo Bat, ya wanke waɗanda suka yi shiru, ya wanke Sarki. Ba abin da mutane ke saurin gaskatawa kamar ƙaryar da ta wanke su. Mayaƙan da suka tofa wa Dang Thu yawu jiya, yanzu sunansa suke kira a bayan ganuwa.

Dang Thu ya miƙa hannunsa na dama a kan wani kututture, ya roƙi Sarki ya cika hukunci a nan gaban tudun.

Sarki ya ce a'a. Ya ce idan talakawa suka ji cewa ana iya cin amanar mafici, ba wanda zai ƙara yarda da tambari, al'adar shekara ɗari biyu ta mutu ke nan. Abin da aka faɗa a zaure zai tsaya a zaure. Ya karɓi jan maficin daga hannun dogari, ya saka shi a cikin hannun da ke kan kututturen, ya naɗe yatsun a kansa. Ya ce gobe a birni za a ƙara masa alkyabba. Ta Mien ta tofar da yawu a gefe ta fita, ba wanda ya tsayar da ita.

Suka tafi duba ganima. Aka bar mutum biyu a gindin tudu, ganguna na tashi a waje.

Dang Thu ya ce, "Yaya, ka ce wani abu. Ka sa su yanke."

Pham Lo ya ce hannu ɗaya ba zai ishi mutum ɗari bakwai da talatin da ɗaya ba, ba zai kuma mai da ƙanwarsa matar korarre ba. Ya jawo sandarsa ya gyara zama.

"Sarki idan ya yi kira ba ya ambaton sunan kowa. Kai za ka ambata. Na san su duka, da ƙauyukansu, da wanda ya bari a gida. Zan faɗa ka maimaita har ka hardace, in ya so ka je ƙauye ƙauye da alkyabbarka ka gaya wa iyayensu. Ka gaya musu dabara ce, in bakinka zai iya."

A bayan ganuwa mayaƙa dubu goma suna kiran sunan Dang Thu, mai hangen nesa, uban dabara.

"Lu Van Tich," in ji Pham Lo. "Masunci, daga ƙauyenmu. Kai ma ka san uwarsa, ita ke ba mu gasasshen kifi muna yara. Ya mutu rana ta sha huɗu."

Dang Thu ya buɗe baki, jan mafici a hannunsa, ya maimaita na farko.